Sarauniyar Lugu da Rigunan Aro

Akwai wani nau'in adabi da ya kama zukatan samari a wannan zamani, wanda ake gina shi bisa ƙagaggiyar duniya. Marubuci kan zana taswirar ƙasar da babu ita, ya raɗa wa duwatsunta da kogunanta suna, ya naɗa mata sarakuna, sa'annan ya ƙaga mata addini. A mafi yawan waɗannan littattafai, da finafinai da wasannin kwamfuta da ke tafiya tare da su, addinin kusan iri ɗaya ne. Akwai allolin daji da na ruwa da na hadari, akwai kuma wani dattijo mai farin gemu da farar riga, wanda ke zaune cikin kurmi yana zance da itatuwa. Sunansa duruwid. Yaron Dogon Dutsi ko na Tibiri da ke riƙe da wayar hannu yana iya sanin wannan dattijo ciki da bai, alhali bai taɓa jin ko mene ne aikin Baura na Bagaji ba.

Wannan kaɗai bai isa abin tada jijiyar wuya ba. Almara ba laifi ba ce, kuma Hausawa ba baƙinta ba ne, tun daga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi har zuwa Ruwan Bagaja da Ganɗoki da aka buga a 1934. Abin ƙorafi yana wani wuri. A ƙasar Arewa, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, akwai ƙauyen Lugu, mazaunin Sarauniyar Azna, inda addinin ƙasa da iskoki ke da tarihi da ma'aikata da dokoki nasa. Shekara da shekaru ana yi wa wannan wuri abin da ake yi wa ƙagaggiyar duniya: kowa ya zo ya zana shi yadda ransa ke so. Masu yabonsa da masu zaginsa sun haɗu a kan hali guda, wato ƙin tambayar mutanen wurin. In aka ci gaba a haka, Lugu za ta ƙare inda duruwidawa suka ƙare, kuma ya kamata malaman makaranta su san ina ne wurin.

Yadda aka yi da duruwidawa

Duruwidawa mutane ne na gaske. Su ne malaman addini da alƙalan Seltawa na ƙasar Gol, wadda ta zama Faransa, da na tsibiran Birtaniya. Ba su bar rubutun koyarwarsu ba. Kusan duk abin da aka sani game da su ya fito ne daga alƙalamin Girkawa da Rumawa, kuma mafi shahara cikin masu ba da labarinsu shi ne Juliyas Kaisar, mutumin da ya ci ƙasarsu da yaƙi tsakanin shekara ta 58 da ta 50 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ne ya ce suna yanke hukunci a kan kisa da gado da iyakar gona, suna taruwa sau ɗaya a shekara, almajirinsu kan yi har shekara 20 yana hadda, kuma sun hana a rubuta iliminsu. Pliniyus ne ya ba da labarin farar riga da laujen zinari da ake yanke kauci da shi daga kan wani babban itace. Daga baya sarakunan Rum suka haramta aikinsu, kuma wajen shekara ta 60 sojojin Rum suka faɗa wa tsibirin Mona, suka sare kurmin ibadar da ke can.

Da masu abu suka yi shiru, sai wasu suka ari bakinsu. A 1740 wani Bature mai suna William Stukeley ya buga littafi yana cewa duruwidawa ne suka kafa duwatsun Stonehenge, alhali duwatsun sun girme su da fiye da shekara dubu. A 1792 wani mutumin Wales, Iolo Morganwg, ya shirya taron mawaƙa a Landan da wasu bukukuwa da ya ce gadon duruwidawa ne. Daga baya masana suka gano cewa da hannunsa ya ƙirƙiri da yawa daga cikin takardun da ya kafa hujja da su. A 1959 aka fara zanen Asterix a Faransa, inda duruwid ya koma tsoho mai dafa maganin ƙarfi a tukunya. A 1974 wasan Dungeons & Dragons ya fito a Amurka, kuma bayan shekara biyu duruwid ya zama ɗaya daga cikin jaruman da ɗan wasa ke iya zaɓa, mai rikiɗa ya zama dabba, mai kiran hadari. Alƙalin da al'umma ke tsoron hukuncinsa ya ƙare a matsayin ɗan tsana.

Matakan a bayyane suke. Da farko maƙiyi ya rubuta, daga nan masoyi ya ƙawata, a ƙarshe ɗan kasuwa ya sayar. Lugu ta riga ta taka mataki na farko da na biyu.

Abin da ke Lugu

Bisa ruwayar baka, Sarauniya ta farko ta taso ne daga Daura tare da jama'arta, wani dutse mai suna Tunguma yana yi musu jagora, har suka sauka Lugu a gefen Dallol Mawri. Zuriyar waɗannan mazauna na farko su ne Gubawa, waɗanda ake kira ƴan ƙasa. A fahimtarsu, daji yana da masu shi tun kafin ɗan Adam ya iso. Wanda ya fara sara sai ya nemi izinin iskar wurin, sau da yawa wata Doguwa da ke zaune a itace ko dutse ko kogo, ya ƙulla alkawari da ita: ita ta bar shi ya noma, ta tsare gari, shi kuma ya riƙa yi mata yanka a lokacin da aka ajiye. Alkawarin gado ne, yana bin jini, kuma shi ne tushen haƙƙin wannan gida a kan ƙasar.

Daga baya wasu suka zo da sarautar doki da takobi. Ruwayar Arewa tana cewa wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya auri ɗiyar Baura na Bagaji, ɗansu Akazama ya zama tushen sarakunan Arewa. Masanin Faransa Marc-Henri Piault, a littafinsa na tarihin Mawri na 1970, ya bayyana yadda iko ya rabu biyu: ƴan sarki suna mulkin mutane, ƴan ƙasa suna riƙe da amanar ƙasa. Wannan tsarin siyasa ne cikakke, wanda ya sa wa sarki iyaka, kuma ya cancanci a karantar da shi a darasin tarihi kamar yadda ake karantar da tsarin Songhai ko na Barno.

Ita Sarauniyar kanta, aikinta zama ne. Tana cikin bukkarta, sanye da fari, tana kaɗin auduga, tana karɓar masu zuwa neman albarka da mafita. Ba a naɗa ta da ƙuri'a ko da ƙarfi. In Sarauniya ta rasu sai a yi tarkama: a ɗauki gawarta bisa makara, kuma masu bin al'adar sun yi imani gawar ce ke jan masu ɗaukarta har zuwa gaban matar da za ta gaje ta. Haka ake yi wa Baura. Tunguma kuwa wurin shari'a ne, inda ake kai ƙarar sata da jayayya, masu abin suna cewa motsin dutsen ne ke ba da amsa. Sarautar ba ta mutu da Mangu ba, ta ci gaba har cikin wannan ƙarni.

Mai karatu ba ya bukatar yarda da ko ɗaya daga cikin wannan kafin ya ga cewa abu ne mai tsari. Akwai ƙasa, akwai gado, akwai shari'a, akwai rabon iko. Babu ɗayansu da ke cikin rigunan da ake sa wa Lugu.

Riguna uku

Riga ta farko sojan mulkin mallaka ne ya ɗinka ta. Ranar 16 ga Afirilu 1899, rundunar Voulet da Chanoine, wadda ke kan hanyarta zuwa tafkin Chadi tana ƙone garuruwa, ta faɗa wa Lugu. Maharban wurin suka yi tsayin daka, suka kashe sojoji huɗu, suka raunata shida, kafin su janye cikin sarƙaƙiya. A watan Mayu rundunar ta yi kisan kiyashi a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Ɗankori, kuma cikin kwana uku shi da Chanoine suka mutu a hannun sojojinsu. Abin da Faransawa suka rubuta game da Sarauniya Mangu bai wuce ƴan layuka ba, kuma Joalland, hafsan da ya gaji rundunar, tsohuwar mayya ya ɗauke ta. Wannan riga ba ta tsufa ba. Ita ce ake sake ɗinkawa a yawancin littattafan yaƙi na kasuwar Kano, inda duk mai addinin gargajiya matsafi ne mai jan ido, mazaunin kogo, mai shan jini, wanda aka halitta don jarumi ya sare masa kai a shafin ƙarshe. Yaron da ya tashi da wannan hoto, in aka ce masa kakannin kakanninsa Azna ne, kunya za ta kama shi, kuma mai jin kunya ba ya tambaya.

Riga ta biyu masoyi ne ya ɗinka ta, shi ya sa ta fi wuyar tuɓewa. A 1980 Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, ya buga littafinsa Sarraounia. Ya ba Nijar jaruma budurwa, wadda aka horar da baka da kibiya tun tana ƙarama, mai fada da dakaru, mai alamar damisa. A 1986 Med Hondo ya mai da littafin fim, aka ɗauke shi a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Aikin adabi ne mai daraja, kuma Mamani bai saci kowa ba: labarin ƙirƙira ya rubuta. Masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna nisan da ke tsakanin jarumar littafin da matar da mutanen Lugu ke tunawa. Laifin yana kan waɗanda suka ɗauki labarin ƙirƙira suka shigar da shi aji da sunan tarihi. Yau sunan Sarauniya yana kan makarantar sakandare a Doso, yana kan gidan rediyo da talabijin a Yamai, yana kan lambar girma da hukumomin da suka hau mulki a 2023 suka ƙirƙiro. Amma a tambayi ɗalibin da ke sanye da rigar waccan makaranta ko mene ne tarkama. An ɗaukaka sunan, an bar sarautar a duhu.

Riga ta uku ita ce sabuwa, kuma daga ƙagaggiyar duniya ta fito kai tsaye. Ita ce ke mai da Azna duruwidawan Afirka: masu tsaron muhalli, abokan itatuwa, maƙiyan gatari. Tana da daɗin ji ga baƙo, tana kuma da saurin jawo tallafi, amma ba ta dace da jikin mai ita ba. Duruwid na wasa mutum ne guda a kurmi, ba shi da gona, ba shi da surukai, ba ya gadon kowa. Ɗan ƙasa manomi ne kuma maharbi. Shi ne ma mai gatarin farko. Addininsa bai hana sara ba, ya dai sa wa sara sharaɗi: wane itace ne ba a taɓawa, yaushe ake buɗe daji ga mafarauta, wa ke fara shuka. Gaskiya ne tsamiya da kuka da dama sun tsira saboda ana tsoron mai zama cikinsu, amma dalilin tsirarsu alkawari ne tsakanin wani gida da wata iska, a wani wuri takamaimai. In aka cire gidan da wurin, aka bar son itace kawai, an zubar da hatsi an riƙe ƙaiƙayi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Masu suka da amsarsu

Wani zai ce: jama'ar Arewa Musulmi ne, me ya kai malami tonon shirka? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta tana cikin tarihin malaman Musulunci kansu. Hisham Ibn al-Kalbi, malamin Kufa da ya rasu wajen 819, ya rubuta littafi sukutum a kan gumakan Larabawa, ya faɗi inda Lata da Uzza da Manata suke, da ƙabilun da ke tsaronsu. Al-Biruni, wajen 1030, ya rubuta addinin Indiyawa dalla-dalla, bai fasa salla ba. A nan gida, Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, shi ne ya adana labarin Barbushe da Tsumburbura da dutsen Dala. Ba don wannan alƙalami na Musulmi ba, da Kanawa ba su san abin da ya gabaci Bagauda ba. Sanin abu daban, bauta masa daban. Kuma akwai asarar da ta wuce ta ilimi: a ƙasar da haƙƙin gona ke komawa ga wanda ya fara sara, tarihin ƴan ƙasa shi ne tarihin filaye da rijiyoyi. Mai share shi yana share shaidar da wata rana za a nema a gaban alƙali.

Wani kuma zai ce: ba don Mamani ba, wa zai san Lugu? Wannan gaskiya ce, kuma ba a raina ta. Littafin ya buɗe ƙofa. Amma shekara 40 da ɗoriya sun isa a ce an shiga ɗakin. Wasu sun shiga: Adeline Masquelier ta buga nazarinta a kan bori da Musulunci a Dogon Dutsi a 2001, kuma a 2007 aka buga Lougou et Saraouniya, wanda masanin falsafa Boubé Namaïwa na cikin marubutansa, tare da mutanen ƙungiyar Tarbiyya Tatali da ke aiki a yankin. Matsalar ita ce ɗaya da Ingilishi yake, ɗaya da Faransanci. Mutanen da aka rubuta labarinsu, da Hausa suke magana.

Na uku zai ce: marubucin almara ɗa ne, ba a sa masa takunkumi. Haka ne. Amma a dubi waɗanda suka fi kowa iya wannan sana'a. Tolkien, wanda littattafansa na 1937 da 1954 suka zama uwa ga wannan nau'in adabi, farfesan tsohon Ingilishi ne a Oxford, kuma sunan Gandalf da na wadanninsa daga tsofaffin waƙoƙin Aisland ya ɗauko su. Waɗannan labaran alloli sun iso gare shi ne saboda Kiristocin Aisland, irin su Snorri Sturluson wajen 1220, sun zauna sun rubuta abin da kakanninsu suka bauta wa. Sai da aka yi rumbu kafin aka yi tuwo. Marubucin Hausa da ke son ƙaga duniya yana da abin da Turawa ba su da shi: gawa mai zaɓen magaji, dutse mai shari'a, sarauniyar da ƙarfinta ke cikin zama wuri ɗaya, sarkin da ke mulkin mutane amma ƙasar ba tasa ba. In ya bar wannan ya tafi aron dattijo mai laujen zinari, ya yi hasara. In kuma ya ƙaga abin da ya ga dama ya liƙa masa sunan Lugu, ya ci amanar mutanen da ke raye. Ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ya ƙaga ƙasa, ya ƙaga mata suna. Wanda ya ambaci Lugu, bashin gaskiya ya hau kansa.

Aikin da ke jira

A watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar. Harshen ƙasa yana bukatar abin karantawa game da ƙasar, kuma ba daga Yamai kaɗai zai fito ba. Malamin Ɗan Kassari ko Matankari ko Tibiri yana da abin da babu a jami'a: ɗalibai masu kakanni. Yana iya raba darasi biyu, ya karantar da Mamani a sa'ar adabi, ya karantar da 1899 a sa'ar tarihi, ya sa yara su gano bambancin da kansu. Yana iya aika su gida da tambayoyi marasa haɗari: wa ya kafa wannan gari, daga ina ya zo, wace rijiya ce ta farko, wane itace ne ba a sarewa, me ya sa wancan fako ke da wannan suna.

Ƙungiyoyin raya al'adu kuma su bar tsayawa ga rawa da kayan ado na ranar biki. Su ɗauki muryar dattawa da izininsu, su rubuta ta da Hausar Arewa yadda aka faɗe ta, su ajiye kwafi a garin, su kai wani cibiyar IRSH ko CELHTO a Yamai. Abin da masu shi suka ce asiri ne, a bar musu asirinsu. Abin da ke fili ma ya isa aiki: jerin sarauniyoyi, garuruwan da suka fito daga Lugu, dangantakar Sarauniya da Baura da Sarkin Arewa, lokutan yanka da na farauta. Lokaci kuwa ba ya jira. Dattawa suna tafiya, samari suna ci-rani, kuma rashin tsaron da ya taɓa yankin Dogon Dutsi a shekarun nan ya sa zuwa ƙauye ya fi da wuya.

Duruwidawa ba su samu wanda ya tambaye su da harshensu ba, shi ya sa yau kowa ke da ikon faɗin abin da ya so game da su. Mutanen Lugu suna nan, harshensu shi ne harshen malamin da ke koyar da jikokinsu, kuma babbar hanyar Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni ta ratsa Ɗan Kassari. In bayan shekara 50 ɗan Arewa bai san Sarauniya ba sai a matsayin mace mai damisa a allon wayarsa, ba za a ɗora wa Voulet wannan laifi ba. Shi gari ya ƙone. Mantuwa kuwa aikin masu gari ne.